Wane kare ne wannan a tsohon katun na bakin teku?

Baban_Walida:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Tambaya gare ni ga masu bin tsofaffin finafinai. Wani ya turo mini guntun katun a WhatsApp, baƙi da fari, ba magana, sai kiɗan da ka ji ka san daga baya aka ɗora shi. Wani farin kare ne ya je hutu bakin teku ya hana kowa sakat. Ya tone rairayi ya watsa wa wani ƙaton mutum da ke kishingiɗe, ya wawuri abincin mutane, ya ruga cikin ruwa. An yanke farkon da ƙarshen, ba suna ba shekara. Yarana sun yi dariya har da riƙe ciki, alhali katun ɗin zamani sai su dame ni da "Abba me ya ce?" Wane kare ne, kuma na wace ƙasa ne? Ni dai a ganina mutanen da sun fi na yanzu iya ba da dariya.

Sadiq_Fagge:
Pluto ne mana, karen Mickey. An gama.

Mai_Zane:
Wa alaikumus salam. Sadiq, saurin me kake yi? Pluto sai 1930 ya fito, a 1931 ma aka raɗa masa sunan, kuma duk finafinansa da sauti aka yi su. Wanda ya je bakin teku da Donald Duck, har ya yi ta fama da dokin roba na iyo, a 1939 aka yi shi, mai kala ne. Malam ya ce nasa baƙi da fari ne, kuma bebe.

Sadiq_Fagge:
To ai akwai na 1931, baƙi da fari, Mickey da jama'arsa sun je shan iska bakin teku, Pluto ya jawo musu wata halitta mai hannaye takwas. Na gan shi da idona.

Mai_Zane:
Akwai shi, ban musa ba. Amma da shi ne, da Baban Walida ya ga Mickey da Minnie a ciki, kuma ba wanda zai ga Mickey ya zo yana tambaya. Sannan Pluto ba ya tafiya da ƙafa biyu. Malam, naka da ƙafa nawa yake tafiya?

Baban_Walida:
Wani lokaci huɗu, wani lokaci ya miƙe tsaye kamar mutum. Babu Mickey ko kusa.

Malam_Tarihi:
Salamu alaikum. Idan fari ne, bebe, kuma hutun bakin teku irin na mutanen Ingila, zato na ya tsaya kan karnuka biyu, duk 'yan Birtaniya.

Na farko Bonzo. Wani mai zane George Studdy ne ya ƙirƙire shi a mujallar The Sketch ta Landan. Ya daɗe yana zana ɗan kwikwiyon ba suna, sai a 1922 editan mujallar, Bruce Ingram, ya sa masa Bonzo. Ɗan lukuti ne, fari da ɗigon baƙi, fatar fuskarsa duk ta tattare, idanu dara-dara. Ya yi farin jinin da har ana sayar da 'yar tsanarsa, da kofuna, da katin gaisuwa mai hotonsa. Daga ƙarshen 1924 aka fara yi masa fim, William Ward ne ya jagoranci aikin, suka yi 26 cikin abin da bai kai shekara 2 ba. Na farkon labarin satar nama ne, kuma Sarki George na Biyar da matarsa Sarauniya Mary suna cikin waɗanda suka kalle shi a wata silima a Landan.

Na biyu Jerry, wanda ake kira Jerry the Troublesome Tyke. Shi ɗan Cardiff ne, a Wales. Sid Griffiths ya yi shi tare da Bert Bilby, daga 1925 zuwa 1927, kimanin gajerun finafinai 40. Ba a nuna shi shi kaɗai, cikin Pathé Pictorial ake saka shi, wato wani shiri na gutsattsarin abubuwan ban sha'awa da ake haskawa kafin babban fim.

Ga alama biyu da za ka duba. Idan a farkon fim akwai hoton zakara, tambarin Pathé ke nan. Idan kuma ka ga mutum na gaske zaune a tebur da alƙalami yana rigima da karen da ya zana, to Jerry ne, mutumin kuwa Griffiths ne da kansa.

Ummu_Sultan:
Ni fa da na ga Jerry na ɗauka ɓeran Tom and Jerry ake nufi, na ce yaushe ya zama kare 😂

Malam_Tarihi:
Ummu Sultan, karen ya girmi ɓeran da shekara 15. Shi ɓeran a 1940 ya fito, a Amurka. Ba su haɗa komai ba sai suna.

Baban_Walida:
Allah Ya ƙara ilimi Malam. Zakara dai babu, don an yanke farkon. Mutum a tebur ma ban gani ba, amma guntun bai fi minti biyu ba.

Bakano_a_Cardiff:
Abin mamaki, ina zaune a garin nan amma a zauren nan na fara jin labarin Jerry. Bari in ɗan taimaka ta ɓangaren bakin tekun. Mutanen Cardiff wurin shan iskarsu Barry Island ne, ba nisa a jirgin ƙasa, tun 1896 layin dogo ya isa can. A zamanin da Malam yake magana, duk kwarurukan da ke arewa da Cardiff haƙar kwal ake yi, tashar jirgin ruwan garin da ta Barry da kwal suka yi suna a duniya. Mutumin da ya shekara a ƙarƙashin ƙasa, fuska baƙi ƙirin, in ya samu yini guda sai ya kwashi iyali a jirgi su sauka Barry. Wannan yinin shi ne hutunsu na shekara.

Kada ku ɗauka wani wuri ne mai daɗin zama. Ko a watan Yuli iska kaɗawa take yi mai sanyi. Za ka ga tsohuwa ta kafa ɗan labulen tare iska a cikin rairayi, ta rufe ƙafa da bargo, tana shan shayi daga fulas, jikokinta kuma suna cikin ruwa leɓɓansu na karkarwa. In ka sayi soyayyen kifi da dankali ka kuskura ka ɗaga kai, tsuntsayen teku sun fauce. Abin dariyar, yanzu daga Mayu zuwa Satumba an hana karnuka taka babban bakin tekun. Da Jerry zai dawo, tara za a ci ubangidansa.

Dan_Agege:
Kai, ka tuna mini Bar Beach kafin a cike shi da ƙasa a yi Eko Atlantic. Ranar yawon Sallah duk 'yan Arewan Legas can muke ƙarewa, da sabon ɗinki, ba mai shiga ruwa, sai hawan doki da ɗaukar hoto.

Dan_Zango_Nima:
Mu nan Accra har yanzu Labadi cika yake yi bayan Sallah. Amma kare ya zo ya ɗauki abincin mutum a nan, wallahi fim ɗin ba zai kai minti biyu ba.

Mai_Zane:
Bari in faɗi wani abu a matsayin wanda yake cin abinci da zane. Ku na ganin bakin teku a matsayin labari, ni kuwa arha nake gani. Fim ɗin bebe yana cin hoto wajen 16 zuwa 18 a daƙiƙa guda. A ɗauka 16 ne, minti ɗaya hoto 960 ke nan. Ko da kowane zane sau biyu aka ɗauke shi, kana buƙatar zane 480 a minti, fim na minti 5 kuma 2,400. Da hannu, da tawada, mutum biyu ko uku a ɗaki. Wanda yake cikin wannan hali ba zai zana kasuwa mai rumfa ɗari ba. Teku kuwa layi ɗaya ne ka ja daga wannan gefe zuwa wancan. Ƙasansa rairayi, farar takarda ce ba ka taɓa ta ba. Samansa ma haka. Igiyar ruwa ka zana ta kamar sau takwas, ka yi ta maimaitawa har fim ya ƙare ba wanda zai lura. Duk ƙarfinka sai ya tafi kan karen.

Akwai kuma dabarar da Earl Hurd ya yi wa rajista a Amurka a 1914, ta zana abin da ke motsi a kan farar roba mai nuna abin da ke bayanta, a ɗora a kan bango guda da aka zana sau ɗaya. Da ita da layin tekun nan, mutum biyu sai su yi aikin mutum goma.

Malam_Tarihi:
Mai Zane, ban ƙi taka ba, amma arha kaɗai ba ta isa bayani ba. Hamada ma layi ɗaya ce, me ya sa ba su cika kai karen can ba? Saboda 'yan kallo. Wanda ya biya kuɗin shiga silima a 1925 ma'aikacin masaƙa ne, ko mai haƙar kwal, ko yarinyar kanti. Tun dokar ranakun hutu ta Birtaniya ta 1871 da yaɗuwar jirgin ƙasa, zuwa bakin teku ya zama abin da talaka yake ɗoki. A Lancashire gari guda ake rufe masaƙunsa na mako ɗaya, kowa ya nufi Blackpool, wani garin bakin teku, kuma ba a biyansu albashin makon, tara kuɗi suke yi tun farkon shekara. Dokar hutu da albashi sai 1938 ta zo. To a bakin teku ne kawai za ka ga mai gidanka, wanda kake cire wa hula, ya naɗe wando zuwa gwiwa, ƙwauri a waje, tumbi a gaba. Kai ba ka isa ka watsa masa ƙasa ba. Kare ya isa. Ƙaton mutumin da Baban Walida ya gani a kishingiɗe, ai shi aka zo kallo.

Ku kuma tuna 1926, tsakiyar shekarun Jerry, ita ce shekarar babban yajin aiki na kwana 9 a watan Mayu, masu haƙar kwal kuma suka ci gaba da zama ba aiki har wajen Nuwamba. Mutanen da suke dariyar karen nan a kudancin Wales, da yawansu tukunya ba ta hawa wuta kullum.

Sadiq_Fagge:
Malam ka mai da katun ɗin kare lacca kan jari-hujja. Yaran Baban Walida ba su san yajin aiki ba amma sun yi dariya.

Hajiya_Mai_Lalle:
Ni ba ta nan nake kallon abin ba. Ku yi haƙuri, amma me yaro zai koya a wurin karen da ke satar abinci yana wulaƙanta babba, kuma a tashi ba abin da ya same shi? Jikana ya kalli irin waɗannan, washegari na same shi yana zuba wa kakansa ƙasa a takalmi. Ga shi kuma ana nuna musu kare kamar ɗan gida, har kan gado. Mu kare na gadi ne da farauta, iyakarsa ƙofar gida.

Ummu_Sultan:
Hajiya ranki ya daɗe, ai mu ma da Gizo aka raine mu. Wane irin sata da ƙarya ne bai yi ba? Ya cuci Ƙoƙi, ya cuci sarki, ya cuci kura, muna kwance a tabarma muna jin daɗi. Ba mu tashi ɓarayi ba.

Hajiya_Mai_Lalle:
'Yata, Gizo yakan sha kashi a ƙarshe, kuma kakarki na zaune kusa da ke, in kin yi dariyar da ba ta dace ba ta harare ki. Waya wa take harara?

Kawu_Sale:
Hajiya ta faɗi gaskiya kan wannan. Ni na riski majigi. Mota ce take zuwa da injin wuta, a kafa farin ƙyalle a filin ƙofar fada bayan isha'i, gari duka ya fito. Finafinan gwamnati ne, na tsafta da noma da allura, amma kafin su sai a ɗan saka na ban dariya don jama'a su taru. Abin da yaran yanzu ba su sani ba, akwai mutumin da ke riƙe da lasifika yana bayani da Hausa. Shi ne rabin fim ɗin. In gwani ne, sai ya sa wa mutumin cikin fim baki, ya yi masa kirari, ya ce "to ga shi nan zai sha ƙasa", kafin ya faɗi fili ya riga ya kaure da ihu. Mu a baya ma muke zama, bayan ƙyallen, muna ganin komai a juye, hannun dama ya zama hagu. Don haka ko fim ɗin bebe ba a kallonsa shiru, kuma ba a kallonsa kai kaɗai.

Malam_Tarihi:
Kawu, a can ma haka ne ta wani gefen. Silimar zamanin bebe tana da mai kaɗa piyano a gaban allo, manyan kuma ƙungiyar makaɗa guda. Kiɗan da Baban Walida ya ji a guntunsa ba na asali ba ne, don fim ɗin bai zo da nasa ba.

Bakatsine_Asali:
Tunda ana maganar 1924, kar a manta a shekarar ce Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Landan, lokacin baje kolin daular Birtaniya a Wembley, inda aka gina wa Afirka ta Yamma wuri mai ganuwa irin ta biranenmu. Wa ya sani ko mai martaba ya ga Bonzo 😄

Malam_Tarihi:
Zuwan sarki gaskiya ne. Kallon Bonzo kuma kai ka ƙara, kada gobe mu gan shi a Facebook an ce tarihi ne.

Yar_Damagaram:
Maganar Wembley ta kawo ni kan abin da nake so in ja hankalin iyaye. Ku riƙa kallon tsofaffin katun ɗin nan kafin ku miƙa wa yara. Muddin karen ko magen yana bakin teku lafiya lau. Amma da zarar ya hau kwalekwale ya sauka wani tsibiri, sau da yawa abin da ke biyo baya baƙaƙen mutane ne da aka zana da manyan leɓɓa, da ƙashi a gashi, da tukunya a kan wuta za su dafa baƙo. Na Ingila da na Amurka duk sun yi. Ko na Donald da Pluto da Mai Zane ya ambata, tururuwan da suka kwashe abincin an yi musu shigar yaƙi ta 'yan asalin Amurka don a yi dariya. Wanda ya ce mutanen da sun fi iya ba da dariya, a tambaye shi dariyar wa ake yi.

Baban_Walida:
'Yar uwa wannan magana ce. Nawa dai babu irin wannan, amma zan riƙa dubawa.

Sadiq_Fagge:
To in sun iya haka, me ya sa duniya ta san Mickey ba ta san su Bonzo ba?

Mai_Zane:
Tun kafin Mickey ma a bayan Amurka suke. Sarkin katun na wancan lokaci mage ne, Felix, wanda ya fito a 1919 daga kamfanin Pat Sullivan, Otto Messmer yana zana shi. A Ingila an haukace a kansa. Griffiths aikinsa haska fim ne a silima, kuma ana cewa da finafinan Felix ya koyi sana'ar, yana bin hoton ɗaya bayan ɗaya yana ganin yadda motsi ke tashi. Shigar mai zane cikin fim yana faɗa da abin da ya zana kuwa, 'yan uwan nan Fleischer na Amurka sun riga shi da Koko, ɗan barkwancin da suke zanawa. Kamfanin Amurka yana mai da kuɗinsa a gida saboda yawan silimominsu, sai ya sayar wa Ingila da araha. Mutum uku a ɗaki ba za su ja da wannan ba. Sai ga sauti, Mickey ya fito da busa da kiɗa a Nuwamban 1928, aka tashi daga hoto 16 aka tsaya kan 24 a daƙiƙa, aiki ya ƙaru, kuɗi ya ƙaru. Felix kansa bai tsira ba, balle Jerry.

Malam_Tarihi:
Sai dai Bonzo bai mutu da finafinansa ba. Katin gaisuwarsa ya ci gaba da fita shekaru da yawa, kuma da dama daga ciki a bakin teku aka zana shi, don irin katin da mai hutu ke aika wa 'yan gida ne. Har a shekarun 1960 wasu mawaƙan Landan suka sa wa ƙungiyarsu sunansa. Shi ya sa ni na fi karkata ga Bonzo a tambayar Baban Walida.

Bakano_a_Cardiff:
Ni kuwa ina bayan ɗan garinmu. Malam, kai da bakinka ka ce Jerry ya kai 40, Bonzo 26. Kuma na Pathé sun fi yawo a intanet, tunda a 2014 British Pathé ta zuba finafinai 85,000 a YouTube. Abin da ya fi yawa a can shi ya fi saurin faɗowa WhatsApp.

Kawu_Sale:
Ku dai gode wa Allah da aka samu na gardama a kai. Fim ɗin wancan zamani wuta yake ci kamar fetur, in an ajiye shi kuma ya narke ya zama gari.

Malam_Tarihi:
Haka ne Kawu. Ɗakin karatu na majalisar Amurka ya fitar da bincike a 2013 cewa kusan kashi 70 cikin 100 na dogayen finafinan bebe na ƙasar sun ɓace gaba ɗaya. In manya sun tafi haka, ina ga ɗan katun na minti 5 da ake ɗauka abin share fage ne.

Dan_Agege:
Ni shawara gare ni. Masu fassarar finafinan Indiya su ɗauki irin waɗannan su sa musu baki da Hausa, irin yadda Kawu ya ce mai lasifika yana yi. Wallahi za su karɓu.

Mai_Zane:
A bi a hankali da haƙƙin mallaka. Studdy ya rasu a 1948, zanensa ya wuce shekara 70 da dokar Birtaniya ta gindaya. Amma kwafin da wata ma'ajiya ta gyara ta ɗora wa sabon kiɗa, wannan wata magana ce daban, sai an nemi izini.

Hajiya_Mai_Lalle:
In za a sa bakin, a sa wanda zai riƙa cewa "kai kare, ba kyau".

Baban_Walida:
Jama'a na koma na kalla a kwamfutar ofis, allon ya fi girma. Dab da inda aka yanke, akwai hannun mutum na gaske da ya shigo ta gefe da alƙalami, kamar zai kama karen. Fuskar mutumin ba ta fito ba. Karen kuma ba lukuti ba ne sosai.

Bakano_a_Cardiff:
Jerry ne! Malam a ba mu kofinmu.

Malam_Tarihi:
Ya ƙara nauyi a ɓangarenku, amma hannun mai zane ba na Griffiths kaɗai ba ne. Tun 1908 Émile Cohl ya nuna hannunsa a fim a Faransa, kuma a Amurka kamfanoni da yawa sun yi, wasu ma da karnuka. Sai na ga fuskar karen.

Sadiq_Fagge:
Ni har yanzu ban janye Pluto ba.

Mai_Zane:
Baban Walida, ka ɗora guntun a nan kawai, ko ka ɗauki hoton allo inda karen ya fuskanci kyamara. Ka duba kusurwar sama ta dama ko ta hagu ma, wani lokaci masu ma'ajiya suna barin tambarinsu a can ko da an yanke farkon.

Baban_Walida:
To, data ta ƙare mini yanzu, da daddare in sha Allahu zan ɗora. Kawu Sale, in na ɗora kai za ka yi mana bayanin lasifika.